Allurar kashe ƙafa ta bayan gwiwa: wa aka taɓa yi wa?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Talata za a yi wa Babanmu aiki, ciwon suga ya ci masa yatsun ƙafa biyu. Likita ya ce saboda zuciyarsa ba za a sa shi barci ba, jijiyar ƙafar kawai za a kashe. Hankalin tsoho bai kwanta ba, nawa ma haka. Don Allah wanda aka taɓa yi wa ya faɗa mana.

Ɗan acaɓa: Wa alaikumus salam. Ni an yi min, lokacin da na karye a idon sawu. Rub da ciki na kwanta, aka shafa min wani mai mai sanyi a bayan gwiwa, aka ɗora sikanin irin na masu ciki. Likitan ya juyo min da allon, ga jijiyar nan kamar saƙar zuma, ga allura tana matsowa a hankali. Kafin minti 30 ƙafar ta yi nauyi kamar ba tawa ba. Ina jin ana taɓa ni, amma zafi ko kaɗan. Kuskurena, da dare aka kawo ƙwayar rage zafi na ce ba na buƙata. Wajen ƙarfe 2 allurar ta sake ni. Wallahi na yi kuka.

Malamar jinya: Ka faɗi babban abin, ɗan'uwa. A sha maganin tun allurar ba ta saki ba. Jijiyar nan ita ce mafi girma a jiki, daga ƙugu take sauka, ta rabu biyu sama kaɗan da bayan gwiwa, wajen nan ake zuba maganin, yawanci wani maganin kashe jijiya mai suna bupivacaine. Gefen ƙwauri ta ciki kuwa wata jijiya ce daban ke kula da shi, wani lokaci sai an ƙara allura ta biyu. Ga masu suga takan daɗe ba ta saki ba, har ta wuce kwana guda. Ku ce wa Baba in ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki ko kunne na ƙara, ya yi magana nan take.

Wata uwa: Ku tsare ƙafar. Maigidana da hunturu aka yi masa, muka ajiye kaskon wuta kusa da shi, dunduniyarsa ta tashi bororo bai ma sani ba. Kada Baba ya taka zuwa banɗaki shi kaɗai.

Mai tambaya: Na karanta wa Baba duka, ya ce a gode muku. Ni zan kwana da shi daren farko. Allah Ya saka da alheri.