Shehin Bogi na jaridun Landan: mai tono laifi ne ko mai ƙera shi?

Baba Edita: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na ajiye, wanda ke da ja ya fito. Mazher Mahmood, wanda Turawan Ingila suka laƙaba wa Shehin Bogi, ni ban yarda a kira shi ɗan jarida mai bincike ba. Mai ɗana tarko ne. Ga wanda bai san shi ba: a Birmingham aka haife shi a 1963, iyayensa 'yan jarida ne daga Pakistan. Ya yi Sunday People, ya yi Sunday Times, a 1991 ya shiga jaridar tsegumi ta News of the World, ya shekara 20 a can har aka rufe ta a Yulin 2011. Shehi a bakinsu ba malami suke nufi ba, attajirin Balarabe suke nufi: farar jallabiya, 'yan rakiya, ɗaki mafi tsada a otal, kyamara a ɓoye. Ƙarshen aikin nasa, a Oktoban 2016 kotun Old Bailey ta ɗaure shi wata 15 bisa haɗa baki don karkatar da shari'a. Hujjata ita ce yawancin laifukan da ya ce ya bankaɗo, da bai zo da kuɗinsa ba da ba su faru ba.

Mai Sharhin Wasanni: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, amma ka tsallake babban aikinsa. Agustan 2010, wasan kurket tsakanin Ingila da Pakistan a filin Lord's. Dillalin 'yan wasa Mazhar Majeed ya karɓi fam 150,000, ya zauna gaban kyamara yana ƙirga kuɗin, ya faɗi daidai jifan da za a ɓata: jifan farko a zagaye na 3 daga Mohammad Amir, jifa na 6 a zagaye na 10 daga Mohammad Asif. Ɓata jifa shi ne mai jifa ya zarce layi da ƙafarsa ta gaba. Da aka zo wasan haka aka yi, ba kuskure ko ɗaya, Amir ma ya zarce layin da tazarar da duk mai kallo ya gani. 'Yan sanda suka sami wasu daga takardun kuɗin da aka rubuta lambobinsu a ɗakunan 'yan wasa. A Nuwamban 2011 kotu ta ɗaure kyaftin Salman Butt wata 30, Asif shekara 1, Amir wata 6, Majeed shekara 2 da wata 8. Hukumar kurket ta duniya tana da sashen yaƙi da maguɗi tun 2000, ba ta kama waɗannan ba. Jaridar tsegumi ce ta kama su.

Baba Edita: Na san da shi, ɗana. To ka faɗa mini, wa ya yi caca a kan waɗannan jifa? Babu. An ɓata su ne don a nuna wa ɗan jaridan cewa Majeed na da iko da 'yan wasa. Amir yaro ne ɗan shekara 18 a lokacin.

Mai Sharhin Wasanni: Gaskiya ne babu wanda ya yi caca. Amma dillalin da zai iya sa kyaftin da manyan masu jifa biyu su bi umarninsa cikin 'yan kwanaki, ba a ranar ya fara gina wannan hanyar ba. Kuɗin Mahmood bai haƙa rijiyar ba, guga kawai ya zura.

Barista: Ku ba ni dama in raba muku abin ta fuskar doka, don a nan ake yawan ruɗewa. A Ingila, cewa an ɗana maka tarko ba kariya ba ce da za ta wanke ka. Abin da lauya ke iya yi biyu ne: ya nemi alƙali ya jefar da shaidar a ƙarƙashin sashe na 78 na dokar 'yan sanda da shaidun laifi ta 1984, ko ya nemi a dakatar da shari'ar gaba ɗaya saboda an ci zarafin tsarin kotu. A 2001, a shari'ar Looseley, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ce ɗan sanda na iya ba mutum irin damar da kowa zai iya ba shi, amma ba zai ingiza shi ga laifin da ba zai yi ba. Matsalar ita ce wannan ƙa'ida hukuma aka gindaya wa. In ɗan jarida ne ya ɗana tarkon, da wuya ƙwarai kotu ta dakatar da shari'a. Shi ya sa ɗan wasan talabijin John Alford, da Mahmood ya yaudara a 1997 har ya kawo hodar iblis, ya sha ɗaurin wata 9 a 1999, ya ɗaukaka ƙara ya faɗi, ya kai kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ƙi sauraron ƙarar. Ke nan Mahmood ya shekara 20 yana yin abin da in ɗan sanda ya yi za a iya watsar da shari'ar, sannan ya ɗauki kaset ya miƙa wa 'yan sandan su yi amfani da shi. A shari'ar Lord Hardwicke ma a 1999, wani basaraken Ingila da Mahmood ya ɗana wa tarkon hodar iblis, masu taya alƙali yanke hukunci sun same shi da laifi amma suka rubuta wa alƙalin takarda cewa da doka ta ba su damar duba irin ingizawar da aka yi masa, da wani hukuncin suka yanke.

Malama Mai Koyar da Jarida: Allah ya saka, Barista. Ni inda na bambanta da Baba shi ne, ɓad-da-kama ba haramun ba ce a aikin jarida. Sashe na 10 na ƙa'idojin editocin Birtaniya ya halatta ta da sharaɗi biyu: ya zama don amfanin jama'a ne, kuma babu wata hanyar samun bayanin. A aikace ga yadda ya kamata a bi. Kafin a sayi ko batir na kyamara, a sami shaidar farko cewa mutumin yana aikata abin tun da can, ba jita-jita ba. A rubuta dalilin da ya sa hanyar fili ba za ta yi ba, edita da lauya su sa hannu da kwanan wata. A ƙayyade koton: in kuɗi ne, kada ya wuce abin da ake biya a wannan harkar. A naɗi komai tun daga sallamar farko har bankwana, a ajiye asalin faifan a hannun wanda ba ya cikin aikin. Kafin a buga, a tuntuɓi mutumin ya faɗi nasa. Ku ɗora ayyukan Mahmood a kan wannan ma'auni ɗaya bayan ɗaya. Na kurket ya haye. Na Sarah Ferguson a Mayun 2010 ma ina ganin ya haye, domin ta nemi fam 500,000 don ta haɗa baƙo da tsohon mijinta Yarima Andrew, wanda a lokacin shi ne wakilin Birtaniya kan kasuwanci, kuma ta fito ta nemi gafara. Na Sven-Goran Eriksson a Dubai a Janairun 2006 bai haye ba: an zaunar da kocin Ingila, aka yi masa romon baka da sayen Aston Villa, ya yi ta hira kan 'yan wasansa. Wane laifi aka tono a nan?

Baba Edita: Malama, kin taimake ni ba ki sani ba. Cikin jerin nan naki, mataki na uku shi ne inda aikinsa ya ruɓe. Dubi mawaƙiya Tulisa a 2013. An kai ta Las Vegas, aka ce mata furodusoshi ne daga Indiya, za a ba ta babban matsayi a fim tare da Leonardo DiCaprio, kuɗi fam miliyan 3.5. Aka nuna mata cewa mai halin 'yan titi ake nema. Bayan makonni ana tattalin wannan, abin da ya fito shi ne hodar fam 800 da wani abokinta ya kawo. Koton miliyan 3.5 don kama kifin fam 800! Wa za a ɗora wa wannan kuɗi a gaba a ce ga abin da ake so ya zama, bai gwada zama ba?

Hajiya Mai Talla: Baba ya yi gaskiya, amma kada mu ɗora komai a wuyan mutum ɗaya. Ku duba kasuwar da yake ciki. News of the World ranar Lahadi kawai take fitowa, tana sayar da kwafi sama da miliyan 2.5 har lokacin da aka rufe ta, kuma mafi yawa a kanti ake ɗauka, ba biyan kuɗin shekara ake yi ba. Shafin farko ne ke sa a miƙa hannu. Aikin Shehin Bogi guda ɗaya yana cin tikitin jirgi, otal, motocin haya, masu kyamara, 'yan wasan da za su zama hadimai. Da zarar an kashe dubban fam, wane ne zai koma wurin edita ranar Juma'a ya ce mutumin ya ƙi cin koto, mu haƙura? Sai a ƙara koto. Abu na biyu, biyan mai kawo labari. In ka ce kuɗi sai labari ya fito a shafin farko, ka koya wa mai kawo labarin ya ƙera maka shi. Haka aka yi a labarin shirin sace Victoria Beckham, matar ɗan ƙwallo David Beckham, a Nuwamban 2002: aka kama mutane, aka gurfanar da biyar, a Yunin 2003 shari'ar ta rushe da aka gano jaridar ta biya babban mai shaida, Florim Gashi, fam 10,000. Sai kuma labarin wani sinadari da ake kira jan makuri, wai na haɗa bam, a 2004, inda kotu ta wanke mutum uku a 2006.

Mai Sharhin Wasanni: Hajiya, amma ai ya ɗaure miyagu da yawa, masu fasfo na jabu da dillalan makamai da masu lalata yara. Waɗannan ba a maganarsu saboda ba fitattu ba ne.

Barista: Akwai su, ba a musu. Sai dai adadin ne abin dubawa. Ya faɗa wa kwamitin Leveson, mai binciken ɗabi'un jaridun Birtaniya, cewa aikinsa ya kai ga hukunta mutum sama da 250. Da kamfanin lauyoyi na Linklaters ya bi takardu, 94 ya iya tabbatarwa. Mutum 94 ba kaɗan ba ne, amma mai sana'ar da jarinta shi ne a yarda da maganarsa ya ninka adadi kusan sau uku a gaban alƙali.

Ɗan Zango: Sannunku da ƙoƙari, daga Accra nake bin ku. Mu nan wannan gardamar ba baƙuwa ba ce. A 2018 ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya yi amfani da irin wannan salon, har da attajirin Balarabe na bogi, aka ɗauki shugaban hukumar ƙwallon Ghana Kwesi Nyantakyi yana karɓar dala 65,000, ya sauka, FIFA ta dakatar da shi. A aikin mutanen Anas ɗin ne aka ga Salisu Yusuf na Super Eagles ya karɓi dala 1,000, ya ce kyauta ce ba ta sauya zaɓen 'yan wasansa ba, NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya. In Baba ya ce duk mai zuwa da kuɗi a jaka mai ƙera laifi ne, to ya rufe hanya ɗaya tilo ta kama cin hanci, don mai karɓa ba ya ba da rasit. Kuma aikin yana da tsada a kan mai yinsa: Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin Anas, harbe shi aka yi a unguwar Madina ta Accra a Janairun 2019.

Baba Edita: Allah ya jiƙansa. Ban ce duk mai jaka ba, ɗan'uwa. Mai riƙe da amanar jama'a, alƙalin wasa ko shugaban hukuma, in aka miƙa masa kuɗi don ya sayar da ofishinsa, aikinsa ne ya ƙi, gwada shi yana da ma'ana. Ɗan wasan talabijin ɗin nan, John Alford, da aka yi wa alkawarin aiki a Dubai ba ofishin kowa yake riƙe da shi ba. Zan sassauto wannan kaɗai: kurket bincike ne. Amma aiki ɗaya ko biyar ba sa sauya sunan sana'ar mutum.

Malama Mai Koyar da Jarida: Baba, ni abin da ya fi damuna ba koton ba ne, wanda ke riƙe da shaidar ne. Tun 1988 alamar ta bayyana: ya bar Sunday Times bayan an gano ya shiga kwamfutar ofis ya sauya rubutu don ya ɗora kuskurensa a kan kamfanin dillancin labarai. Duk da haka jaridar ta sake ɗaukarsa a 2011. A irin wannan aiki mutum ɗaya ne ke ɗana tarkon, shi ke kunna na'ura da kashe ta, shi ke rubuta labarin, shi ne kuma babban mai shaida a kotu. Duk abin da aka faɗa na'ura a kashe, maganarsa kaɗai ake da ita.

Barista: Kuma daidai nan ya faɗi. Direbansa Alan Smith ya shaida wa 'yan sanda cewa a cikin mota ya ji Tulisa tana kushe miyagun ƙwayoyi, maganar da za ta taimaki lauyoyinta. Smith ya aika wa Mahmood bayanin ta imel, suka yi magana, washegari ya cire wannan ɓangaren. A zaman share fage Mahmood ya rantse bai tattauna bayanin da direban ba, da aka zo shari'a aka matsa masa da tambaya ya faɗi akasin haka. Ranar 21 ga Yulin 2014 alƙali Alistair McCreath ya rushe shari'ar, ya ce akwai ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata cewa ya yi masa ƙarya. Ba a ɗaure shi don ya sa jallabiya ba, ba a ɗaure shi don koton miliyan 3.5 ba, dokar Ingila ba ta hana ko ɗaya ba. Taɓa bayanin mai shaida ne ya kai shi kurkuku. Bayan rushewar shari'ar, ofishin masu gabatar da ƙara ya janye wasu ƙararrakin da suka dogara da shaidarsa, ya kuma ciro tsofaffin shari'o'i 25 don a sake duba su.