Wa ke tuna malamin wasanninsa?

Ɗan Rikkos: Salamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na wasanni a firamare ya rasu makon jiya. Har yanzu ina ganinsa cikin sanyin Jos, usur a wuya, fulas ɗin shayi ɗaure a bayan babur, yana jiran mu zagaye fili. Wanda bai yi aikin gida ba, ba ya taɓa ƙwallo, ko da shi ne mai cin raga. Yau ina horar da yaran unguwa, dokarsa nake bi. Ku ma kun samu irinsa?

Tsohon Gola: Allah ya jiƙansa. Namu da kuɗin aljihunsa ya kai mu filin Rwang Pam na Jos kallon ƙungiyar ƙwallo ta Mighty Jets. Ranar na ce sai na tsare gida.

Maman Iman: Ƙanena, ni malama ce ta zo har gida, ta durƙusa gaban Baba ya bar ni tseren mita 100 da dogon wando. Yanzu ni ke raka 'yata atisaye.

Baban Nasarawa: Ahmed Musa ɗan Jos ne, ya buga wa ƙungiyar JUTH ta Jos kafin ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Iceland a gasar kofin duniya ta 2018. Irin waɗannan malaman ke gano yara. A riƙa leƙa su tun suna raye, don Allah.