Golf 4 1.8T: in na ɗora K04, giyabos da kuloci za su ɗauka?

Dan_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayen gida. Golf 4 ce, injin 1.8T mai lambar AUM, ƙarfin doki 150, giyar hannu guda biyar. Turbon ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, kuma tunda canji ya zama dole, ina tunanin in sa turbo K04, wanda ya fi girma, a madadin K03 ɗin da ta zo da shi. Me zai fara lalacewa in ƙarfin ya ƙaru, kuma me ya kamata in saya tare da turbon?

Oga_Injin ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara tantance wane K04 kake nufi, don iri biyu ne. K04-001 yana hawa mazaunin K03 kai tsaye. Wanda ke kan Audi S3 da TT masu doki 225, wato K04-022 ko K04-023, sai ka haɗo da manifol ɗinsa da bututun salansa da na iska, aikin ya ninka.

Abin da ke karya kaya shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, musamman in ya zo gaba ɗaya injin yana ƙasa da juyi 3,000 a minti ɗaya. AUM daga kamfani 210 Nm yake bayarwa. Da K04 da sabon saitin ƙwaƙwalwar mota za ka haura 300. Kuloci ne zai fara nuna maka. Gwada shi tun yanzu: sa giya ta huɗu, allurar juyin injin tana kan 2,000, ka take totur har ƙasa. In allurar ta yi sama motar ba ta ƙara gudu ba, farantin ya riga ya fara sulɓi.

Maganin da aka saba a giyabos 02J, wato irin ta motarka, shi ne kulocin injin VR6 mai faɗin milimita 228 da fulawil ɗin injin G60 mai ƙarfe guda, a cire na asali mai hawa biyu. Za ka riƙa jin ɗan kaf-kaf daga giyabos in mota tana tsaye a kunne, wannan ba lalacewa ba ce. Notikan fulawil sababbi za a sa, irin masu miƙewa ne, ba a ɗaura su sau biyu.

Hajiya_GTI ta amsa:

Oga ya yi bayanin kuloci, amma akwai abin da ya fi shi tsada in ya ɓaci. A cikin 02J, babban haƙorin difarensha da ribit aka manne shi, ba da noti ba. Duk lokacin da tayar gaba ta yi tsalle-tsalle wajen fizgar mota daga tsaye, ribit ɗin ne ke shan dukan. Ranar da ɗaya ya tsinke yakan huda kwanon giyabos, man ya tsiyaye, sai dai a nemi wata giyabos ɗin. Tunda za a sauke ta saboda kuloci, a buɗe ta a lokacin, a huda ribit ɗin a maye su da notika masu ƙarfi irin na kamfanin ARP. A zuba sabon mai 75W-90 GL-4, kusan lita biyu take ci. Sannan a duba robar injin sit na ƙasa, wanda ke riƙe injin kada ya yi gaba da baya. In ta mutu ita ce ke jawo tsallen tayar, kuma shaf na ciki ma yana wahala.

Ni a ganina, Malam, K04-001 bai cancanci kuɗinsa ba a kan AUM. Injinka K03s yake ɗauke da shi, wato K03 ɗin da aka inganta, wanda da saiti kaɗai yana kaiwa wajen doki 200. Ƙarin da K04-001 zai ba ka bai fi ashirin zuwa talatin ba.

Oga_Injin ya sake amsawa:

Hajiya, a lissafin kuɗi kina da gaskiya. Sai dai turbonsa ya riga ya mutu, ko ya ya sai ya sayi wani, don haka bambancin farashin kawai zai duba. Inda zan ja kunnensa shi ne kwanrod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf. Na AUM masu fin milimita 19 ne, kuma masu wannan aiki sun daɗe suna ɗaukar 400 Nm a matsayin iyakarsu. Ƙaramin turbo mai saurin cika ya fi babba haɗari a nan, don yana jibga matsin tun injin bai yi juyi ba. A gaya wa mai saitin ya sa matsin iskar ya riƙa hawa a hankali. In ana son wuce nan, sai an buɗe injin an sa kwanrod na ƙira, tsawon milimita 144.

Mai_Kwamfuta ya amsa:

Kada a ɗora saitin da aka rubuta don fetur mai lambar oktan 98 na Turai a kan man da muke sha a nan, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ƙaramin intakulan da ke gefen bamba, mai sanyaya iskar turbo, yana cika da zafi bayan taku biyu ko uku, iska mai zafi kuma ita ke sa fetur ya fashe kafin lokacinsa ya cinye fistin. A sa babba a gaban lagireto. Filogi NGK BKR7E, tazarar milimita 0.7. Nozul na asali suna gab da ƙurewa a wannan matakin, na TT mai 225 sun fi dacewa, amma sai saitin ya san da su.

Kafin a ɗora sabon turbo a sauke kwanon baƙin mai a wanke rariyar famfo, a canza bututun da ke kai wa turbo mai, don toshewarsu ce ta fi kashe turbo a 1.8T. A ɗiga mai a bakin turbon, a cire fiyus ɗin famfon fetur, a juya injin na daƙiƙa goma sha biyar kafin a tayar. Baƙin mai 5W-40 mai lambar VW 502 00.

Bayan saiti a haɗa VCDS, manhajar kwamfuta mai karanta ƙwaƙwalwar motocin VW, a ja motar a giya ta uku daga juyi 2,000 zuwa 6,000. Rukuni na 115 zai nuna matsin da aka nema da wanda aka samu, na 020 kuma yawan ja da baya da ƙwaƙwalwar ke yi wa wuta a kowace silinda. In ya wuce digiri shida, a koma wurin mai saitin ya rage kafin a hau babban titi da ita.