Musayar waƙa: Prelude ta dawo, wa zai tare ta?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a, wallahi tun jiya na kasa barci, Honda ta dawo da Prelude wadda rabonta da ƙera ta tun 2001, muna yara maƙwabcinmu na da ja irin mai fitilun nan da ke ɗagowa kamar tana buɗe ido, in ya tashe ta da safe duk yaran layinmu sai mun fito mun kewaye ta. Ga nawa, wanda ya isa ya ɗora.

Prelude 'yar Japan barka da dawowa,
Shekara 24 muna ta dubawa,
Birkin Brembo gare ki ba ki zamewa,
Ƙafar Civic Type R aka ba ki don juyawa,
In kin iso Katsina ni ka tarbowa.

Bakanike Sabon Layi:
Ƙanena ka tarbo abarka, amma ji ta bakin mai wanka da baƙin mai

Doki 200 kake ma wanga kirari,
GR86 ta Toyota na da 228 ga ta da tsari,
Tayar baya ka tura ta, ta sha kwana da sauri,
Taka gaba ke jan ta sai ka ce jaki da buhun gari.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Yaya ka saba kwance Golf a tsakar rana,
Sifana a hannu kana ta zufa da ƙuna,
Fetur da batir suka haɗu cikin motana,
Kai ko ka ga wayar lantarki sai ka yi kwana,
Ran da mai ya ƙara hawa ka zo mu yi magana.

Ɗan Daurama:
Ku matsa Katsinawa, Daura ta Abdu tushen Hausa ta iso, kuna ta faɗa kan ƙananan motoci

Nissan Z turbo biyu, doki 400 a ciki,
Giyar hannu, ka taka kuloci ka ji aiki,
Prelude ina kulocinki? maɓalli aka ba ki,
Ki riƙa ƙaryar canza giya kina ta ɗoki,
Na shigo Katsina kina Mashi kina haki.

'Yar Kusugu:
Kai kai kai! Allah ya ƙara basira Yaya, an rufe bakin kowa, dama waƙa gidanmu ta kwana

Mai Golf na Jibiya:
Haba ƙanwata, ku 'yan Daura ko tari ɗanku ya yi sai ku ce baiti ne, ta Dikko ɗakin kara ba a rufe mata baki. Ni dai Bakanike ne gwanina a nan

Malam Mai Aruli:
Ku dakata tukuna. Wanda ya buɗe da ƙwar biyar ya buɗe, Bakanike ya amsa da ɗango huɗu, wannan ba tsarin musaya ba ne. Sannan ku daina ɓuya bayan lamba, ka rubuta 228 ka ga ɗango ya yi gajere a ido, to rera shi ka ji, ɗari biyu da ashirin da takwas gaɓa 11 ce ita kaɗai, ina sauran ɗangon zai zauna? Kai kuma ɗana "motana" ka ce don amsa-amo ya fito, motata ake cewa.

Bakanike Sabon Layi:
Malam Allah ya gafarta, mota muke magana, ɗango huɗun nan nawa kowanne da gaskiya a ciki, ka nuna man wanda na yi ƙarya

Malam Mai Aruli:
Ban ce ka yi ƙarya ba, cewa na yi baitinka na ɗingishi. Kai da kanka in an kawo maka mota silinda ɗaya ba ya tashi ai ba ka cewa ta tafi hakanan.

'Yar Kusugu:
To Malam ai na Yayana biyar ne cif, a faɗi gaskiya mana

Malam Mai Aruli:
Biyar ne, amma ɗangonsa na farko ya fi na huɗu nauyi nesa ba kusa ba, shi ma 400 ɗin nan ya ɓoye.

Alhaji Mai Taya:
Afuwan kwana biyu ban leƙo ba ina Kano, na tarar kun cika wuri da gaɓa kun manta da uwar gida

Supra ta Toyota ita ce babba,
Doki 382, ku zo ku duba,
Silinda 6 a jere ba ta da gaba,
Wanda ya hau ta ba ya sake saba.

Ɗan Daurama:
Ranka ya daɗe Alhaji a yi haƙuri

Buɗe bonet ka ga BMW na murmushi,
A Ostiriya aka haɗa ta, ina tushi?
Ita da Z4 ta BMW uwa ɗaya, ba na jin haushi,
Injin 2JZ na tsohuwar Supra ya tafi, an bar ku da ƙamshi,
Rigar aro ce Alhaji, mai ita na bin shi.

Mai Golf na Jibiya:
Duk kun burge amma tambayata ɗaya, wace ce cikinsu za ta haye tudun rage gudu na cikin gari ba ta kankare ciki ba? 504 ta Kaduna har Batsari take shiga da damina da buhu a but. Kuma ba wanda ya yi maganar kuɗin kwastan

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Ni fa ban ce ta fi Z gudu ba, kuma rashin kulocin nan ya sosa man rai sosai, na so a ce sun bar mana giyar hannu ko da zaɓi ne. Malam na karɓi gyara, ga shi babu lamba ko ɗaya

Ba don tsere nake son ki ba ja,
Tun ina yaro na san ki da daraja,
Ko da tudu ne zan bi a hankali in ja.

Yaya Bakanike da gaske nake tambaya, in batirin haibirid ya mutu akwai mai taɓa shi a garin nan ko sai an kai Kano?

Malam Mai Aruli:
Yanzu kuma uku ka kawo, kuma ja sau biyu. Cike sauran biyun.