Neman shawara: koyar da darasin bayi a tsohuwar Babila

Tambaya:
Assalamu alaikum, malamai. Ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare, kuma mako mai zuwa zan koyar da tsarin al'umma a tsohuwar Babila. Bara na kasa ɗalibaina gida uku, wato manya da talakawa da bayi, suka yi wasan kwaikwayo, sai ga shi har ƙarshen zango ana yi wa wani yaro gori ana kiransa bawa, har mahaifinsa ya zo makaranta ransa a ɓace. Yaya zan fahimtar da su bambancin matsayi ba tare da an sake yin haka ba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki bar wasan kwaikwayon, ki ɗauko dokokin Hammurabi, sarkin Babila, su yi miki aikin. Ya yi mulki daga wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma dutsen da aka sassaƙa dokokinsa 282 a kai, wanda aka tono a Susa ta ƙasar Iran a 1901, yana gidan tarihi na Louvre a Faris, babban birnin Faransa. Ki rubuta doka ta 196 da ta 198 da ta 199 a allo. Wanda ya tsiyaye idon awilum, mutum mai cikakken 'yanci, za a tsiyaye nasa. Idan na mushkenum ne, wato talaka wanda ba bawa ba, ya biya azurfa mina ɗaya, kimanin rabin kilo. Idan kuwa na bawan wani ne, ya biya rabin kuɗin bawan. Daga nan sai ki tambayi ɗaliban hannun wa diyyar bawan take shiga. Da kansu za su gano cewa asarar ubangijinsa aka biya, ba ciwon mai idon ba.

Amsa ta biyu:
Na yarda da Malam, amma ki haɗa da doka ta 117, don kada yara su ɗauka bauta a jini take. Mutumin da bashi ya ci ƙarfinsa yana iya miƙa matarsa ko ɗansa su yi bauta shekara uku, a ta huɗu a sake su. Doka ta 175 kuma ta ce idan bawan fada ya auri 'yar mai 'yanci, ubangijinsa ba shi da iko a kan 'ya'yansu. Wannan ce za ta kashe bakin masu gori.

Amsa ta uku:
'Yar'uwa, za su ji daɗin sanin cewa mushkenum da miskin na Larabci, wanda muka ara muke cewa miskini, tushensu ɗaya. Sai dai ina roƙonki kada ki kawo misali da zuri'ar wani gida na garinku, ko da ɗalibai sun matsa miki.