Sanda Ko Misali: Musayar Baitoci a Zongon Kumasi

Kakar Aboabo
Salama gare ku 'yan zaure. Yau a sujada an karanta Luka 2:52, inda aka ce Yesu ya yi ta ƙaruwa da hikima da girma, yana samun tagomashi wurin Allah da wurin mutane. Na dawo gida da ayar a bakina, sai na tarar da jikokina biyu suna kokawa a kan ƙosai ɗaya. Ga abin da ya zo mini, mai amsa ya amsa.

Ubangiji, gare ka za ni fara,
Kai ka ba mu amanar yara,
Ice tun da ɗanye ake tanƙwara,
In ya bushe sai dai karaya.

Yaro ba ya jin dogon wa'azi,
Da ido yake ɗaukar darasi,
In uwa ta yi coge a farashi,
Gobe ɗanta gwani ne a ƙarya.

Kaka Loyis da uwa Afiniki,
Su biyu ne suka ɗau aiki,
Har Timoti ya tashi da kirki,
A gida ya tsotsi bangaskiya.

Ɗan Magazin
Kaka ina gaisuwa. Ni ɗan Magazin ne, unguwar makanikai ta Suwame. A gafarce ni, bakin makaniki ba shi da birki.

Kaka sannu, waƙarki da daɗi,
Saura kaɗan, ni bari in faɗi,
Jikan nan naki na gani ran Lahadi,
Kuɗin baiko ya kai gun mai suya.

Mu a Magazin in ƙarfe ya karkace,
Ba ma tsayawa mu yi masa zance,
Wuta da guduma, ga shi a kwance,
Bulala ce maganin ƙiriniya.

Ba ni na faɗa ba, Karin Magana 13:24 ce ta ce wanda ya hana wa ɗansa sanda ƙinsa yake yi.

Maman Afiniki
Ɗan Magazin mai baƙin hannu,
Ka mai da 'ya'yanka kamar shanu,
Da sun ji takunka, ko sannu-sannu,
Sai su watse ta ƙofar baya.

Ka karanta sanda ka rufe littafi,
Afisawa shida ta yi maka zafi,
Kar uba ya tsokani ɗa da ƙarfi,
Can ba ka kai ba, ka gaji da tafiya.

'Yar Sawaba
Wayyo Allah! Yaya kin gama da shi. Oga je ka nemi omo ka wanke hannu tukuna.

Karen Motar Asafo
Mata kun haɗa kai ke nan. Ku jira, Oga yana ƙarƙashin mota, yanzu zai fito.

Dattijon Asawase
'Ya'yana, a yi a hankali. Ni dai ina bayan yaron nan na Suwame, ko da rabi ne. Ku duba 1 Sama'ila, sura 2 zuwa 4.

Eli firist ne a Shilo, babba,
Ya ga ɓarnar 'ya'ya bai hana ba,
Hofni da Finehas ba su tuba ba,
Suka faɗi a yaƙi rana ɗaya.

'Yar Sawaba
Baba, da girmanka, hanawa daban jibga daban. Ni malamar firamare ce. Tun 2017 hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu, muka yi ta gunaguni muna cewa yara za su hau kanmu. Wasu sun hau ɗin, ban musa ba. Amma na lura da abu ɗaya a ajina: yaron da aka fi duka a gida shi ya fi iya ƙarya, don tun yana ƙarami ya gane cewa gaskiya ita ke jawo bulala.

Ɗan Magazin
Na fito. Maman Afiniki, ga naki.

Mai wake-da-shinkafar Kejetiya,
Aya a baki, ludayi babu gaskiya,
Na sidi goma sai loma ɗaya,
'Yarki na kallo tana ɗaukar hanya.

Tunda buɗe littafi ake yi, Karin Magana 11:1 ma tana nan, ta ma'aunin zamba. Ke ma can ba ki kai ba.

Karen Motar Asafo
Ogana ya yi magana,
Maman Afiniki ya ji kunya,
Kejetiya, Asafo, Bantama,
Saura mutum ɗaya mu tashi!

Baƙon Wusasa
Salama. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma yau haƙurina ya ƙare. Baitin Ɗan Magazin na ƙarshe: ɗango na farko gaɓa 11, na biyu 13, na uku 10, na huɗu 11. Wannan ba karin waƙa ba ne, motar haya ce, tirotiro, a kan hanya mai ramuka. Na Karen Mota kuwa ko amsa-amo babu, sannan "Maman Afiniki ya ji kunya"? Mace ce fa.

'Yan Kumasi, Hausarku ta sha manja,
Mace da namiji duk hula ɗaya ja,
Baitinku gurgu, ƙafa yake ja,
Ku zo Zazzau a ɗora muku karaya.

'Yar Sawaba
Ka sauka jami'ar Tek kamar tsinken tsintsiya,
Dokunu da shito suka kaurara maka wuya,
Yau ka ƙoshi kana mana fariya,
Mai ƙirgan gaɓa, ina taka tarbiyya?

Karen Motar Asafo
Anti ya kashe shi!

Baƙon Wusasa
"Ta" kashe shi. Kun gani ko?

Dattijon Asawase
Baƙo, haka muka tashi muka ji ana yi a zongo, daga nan har Nima ta Akra, kuma ba a taɓa kai wa namiji zanen da aka saya wa mace don an ce "ya" ba. Waƙar Hausa kuma ba yau ta zo ƙasar nan ba. Malam Umaru ya zauna Salaga, ya koma Kete-Karaci, can ya yi ta rubuta waƙoƙinsa har ya rasu a 1934. Ba a kai shi Zazzau ɗori ba.

Baƙon Wusasa
Baba, a Kano aka haife shi, da ƙafarsa lafiya ya zo muku. Littafi Mai Tsarki na Hausa ma da kuke jefa wa juna ayoyinsa, cikakkensa a 1932 ya fito, kuma Likita Mila na mishan ɗin Zariya yana cikin waɗanda suka sha wahalar fassarar. A wancan tsohon juyin ma ba Karin Magana ake ce wa littafin ba, Misalai ne.

Ɗan Magazin
Misalai ko Karin Magana, sandan dai yana ciki.

Maƙwabcin Kaka
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, Kaka ce ta sa jikanta ya jefa ni zauren nan don ta san ina son baiti. Malam Baƙo, gyara kaɗan. Mu da muka ɗan zauna gaban malamai a kan aruli, ba ƙirga gaɓa aka koya mana ba, auna ta ake yi, wannan mai nauyi, wannan marar nauyi. Ɗango biyu suna iya bambanta a yawan gaɓa su hau kari ɗaya, don wani wurin gaɓa biyu marasa nauyi suna zama a mazaunin mai nauyi guda. Ban ce baitin makaniki ya hau ba, bai hau ba. Amma da ma'aunin tumatir ka auna zinariya. Naka ɗangon na uku ma ka sake dubawa.

A kan maganar yara kuwa, ga nawa:

Bangonmu ɗaya da gidan Kaka,
Ran Kirsimeti shinkafa har ɗaka,
Ran Sallah nama mu ma mu miƙa,
Yara ke kai kwano su dawo da dariya.

Ba wanda ya zaunar da su ya ce ku so maƙwabci, kwanon suka ɗauka. A 2019 da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akra ran Ista, yana cika shekara 100, ɗana ya ga hoton a waya ya ce, "Baba, shi ma kwano ya kai?"

'Yar Sawaba
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Baƙo ya yi tsit.

Baƙon Wusasa
Ban yi tsit ba, ina aji ne. Na yarda da zancen nauyin gaɓa. Ban yarda da "Anti ya kashe shi" ba, kuma ba zan yarda ba har in koma gida.

Mai Zaure
Jama'a, na share sharhi goma sha biyu a kan "ya" da "ta", har an fara taɓa iyaye. Kaka ta buɗe zance a kan renon yara cikin tsoron Allah. Mai sauran faɗan nahawu ya buɗe nasa zaren.

Maman Afiniki
Ku yi haƙuri, kwana biyu ban leƙo ba. Ba gudu na yi ba, wayata ce ta faɗa cikin ruwan wanke-wanke. Na karanta zancen ludayi, na yi fushi, na rubuta baiti uku masu zafi na goge. Ga dalili.

Ran Asabar da ta wuce ruwan sama ya kama mu a kasuwa. Wata yarinya 'yar kayayo, ba ta fi shekara goma sha uku ba, ta rakuɓe a gefen rumfata da kwanonta na dako a kife a kai, tana rawar sanyi. Na juya ina ba wani canji, ina waigowa sai na ga 'yata ta cika kwano, har da ƙwai da taliya da shito, ta miƙa mata. Ban san sanda hannuna ya sauka a kan nata ba. Na ce ubanki ne ya saya mini shinkafar? Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Mma, ba ke kika ba mu labarin Basamariye a makarantar Lahadi ba?" Ni ce kuwa. Luka 10, har da zanen jaki na yi musu a allo. Yarinyar nan ta ajiye kwanon za ta tafi don ta ga ana faɗa a kanta, sai da na riƙo zanenta na zaunar da ita.

Na mari hannun da ya yi kyauta,
Ni da nake cewa na karanta,
Hanyar Yariko ni na manta,
'Yar takwas ce ta zama Basamariya.

Amma kar Oga ya yi murna:

Ludayina ƙarami ne, na amsa,
Sai dai mai bashi ya dubi kansa,
Wata uku kana gaishe ni daga nesa,
Kwano tara, yaushe za ka biya?

'Yar Sawaba
Yaya kin sa ni hawaye, kin kuma sa ni dariya a sharhi ɗaya. A sumbace mini 'yata.

Ɗan Magazin
Kwano takwas ne, ɗayan ba nama. Zan tura kuɗin ta waya, ta MoMo, in mai tifa ya biya ni. Labarin 'yarki kuwa ba ni da baitin da zan jefe shi da shi. Tunda yau ranar tonon asirin kai ce:

Babana da wayar birki ya rene ni,
Zabura ashirin da uku ya sa ni,
Na haddace tsaf ina kuka, ku gan ni,
Wurin sandan nan har yau nakan tsaya.

Ayar cewa ta yi sandan makiyayi yana ta'azantarwa. Ni sai da na girma na ga Bafulatani yana kora shanu a hanyar Ejura kafin na gane ba dukan tumaki ake nufi ba. Duk da haka ban jefar da bulalata ba, tana bayan ƙofa, kowa ya sani.

Dattijon Asawase
Bar ta a bayan ƙofar, ɗana. Tawa ma can ta tsufa har gara ta cinye ta.

Baƙon Wusasa
Wannan baitin na ƙarshe ya fi duk waɗanda ka yi. "Ni" sau uku ba amsa-amo ba ne na ƙwarai, amma na yafe.

Kakar Aboabo
Na dawo. Idona ba ya son hasken waya da dare, shi ya sa. Maƙwabci na gode, Allah ya bar zumunci.

Zancen baiko na bincika. Na kira yaron bayan cin tuwo, ban ɗaga murya ba, na ce sidi goman da na ba ka ran Lahadi ina ya shiga? Ya yi ta murza gefen riga, can ya ce mai suya. Mun shirya: kuɗin kokonsa na safe za a riƙa cire sidi ɗaya kullum har kwana goma, ran Lahadi ta sama shi da hannunsa zai sa a kwanon baiko, ni ina gefensa. Ya ce a dake shi kawai a wuce wurin, ya fi sauƙi. Na ce ai na sani.

Saura kai, ɗana na Magazin.

Ka ga jikana a kan kuskure,
Ba ka ja kunnensa ba, ka daure,
Ka adana shi don ka ci zaure,
Ina gudumarka ta gyaran ƙiriniya?

Ɗa na kowa ne. Kana tsaye a wurin, me ya hana ka kwaɓe shi? Shi dai ya ce mini tsinke biyu ya saya, ɗaya kuma ba shi ya ci ba. Na tambaye shi wa ya ci, ya ce ya yi alkawari ba zai faɗa ba.

'Yar Sawaba
Oga? Muna jira.

'Yar Sawaba
Ya karanta fa, ga alama nan ta nuna.

Ɗan Magazin
Kaka, yaron nan yana da alheri, wannan dai a yaba miki. Ina wucewa ya ce "Kawu bismilla." Ban san kuɗin Allah ba ne sai da na haɗiye. Ku cire masa kwana biyar, sidi biyar ɗin nawa ne, zan kawo da kaina ran Lahadi.

Maman Afiniki
Ka haɗo da na kwano tara.

Karen Motar Asafo
Oga, ina tare da kai ranar, ko albasa ba ka ba ni ba.