Anatomi ya tsaya min a wuya, ku ba ni shawara

Abba_aji2:
Salam jama'a. Don Allah waɗanda suka riga mu a karatun likita ku taimaka. Wata ɗaya kenan da muka fara anatomi, wato ilimin sassan jikin mutum, muna kan hannu, wannan birakiyal fileksas ɗin, wato tarin jijiyoyin saƙo da ke tasowa daga wuya zuwa hannu, da daddare sai in haddace shi tsaf amma gari na wayewa in neme shi in rasa. Ga warin fomalin, maganin hana gawa ruɓewa, a ɗakin gawa, ido na ta hawaye har na fara gudun firaktikal. Tes saura sati 2.

Ummu_Hanan:
Wa alaikassalam ƙanina. Bar hadda, zana shi. Saiwa 5 ce da ke fitowa daga laka, C5 zuwa T1 (lambobin jijiyoyin wuya zuwa farkon baya), su haɗu su zama kututture 3, kowanne ya rabu gaba da baya su zama 6, sai igiya 3, sannan manyan rassa 5. Kullum ka ɗauki farar takarda ka zana ba ka kalli littafi ba, inda ka kakare nan ne ba ka gane ba.

Likitan_gobe:
Gaskiya ta faɗa, amma ni abin da ya zaunar min da shi shi ne haɗa kowace jijiya da matsalarta. Jijiyar radiyal tana zagayawa ta bayan ƙashin damtse, shi ya sa in ya karye a tsakiya sai ka ga tsintsiyar hannu ta langaɓe mutum ya kasa ɗago ta. Ita kuma jijiyar alna, ka taɓa buge gwiwar hannu ka ji kamar lantarki har ƙaramin yatsa? To ita ce. Wlh in ka gane haka ko an tashe ka daga barci za ka faɗa.

Baba_Sani:
Ɗan uwa gudun firaktikal ɗin ne ya fi damuna. A atlas, littafin hotunan jiki, an yi maka ja da shuɗi da rawaya, a jikin gawa kuwa duk kusan kala ɗaya ne, sai ka taɓa da safar hannu za ka bambance, atari (mai kai jini daga zuciya) tana da rami kuma tana dawowa in ka matsa, ben (mai mayar da jini zuciya) ta lotse, jijiyar saƙo kuma kamar igiya take. Kuma a jarabawa fil za a soka a ce mene ne wannan, daƙiƙu kaɗan a kaɗa ƙararrawa. Warin za ka saba, ka ci abinci kafin ka shiga. Sannan ka tuna mutum ne kwance a gabanka, ban da ɗaukar hoto, ban da wasa.

Abba_aji2:
Allah ya saka da alheri. Na zana sau 3 yanzu, wajen igiyoyin nan nake rikicewa. Anti Ummu, jijiyar midiyan daga igiya biyu take fitowa ko?

Ummu_Hanan:
Eh, ta waje da ta ciki. Nemi jijiyoyi masu siffar M a hammatar gawa gobe, ita ce ta tsakiya.